Kama da Wane: Taƙaitaccen Tarihin Zana Fuskar Ɗan Wasa Daga Hoto

Gabatarwa

A wannan fitowa ta ɗan littafinmu na ɗauko wani batu da wasu za su ga kamar bai kai a ɓata masa takarda ba: mutum ya samu hoton ɗan wasan fim da yake so, ya zauna da fensir ko fenti, ya yi ta fama har fuskar ta fito, mai kallo ya rasa gane wanne ne aikin kamara wanne ne aikin hannu. Duk mun san masu wannan aiki. Kowane lise yana da nasa, galibi can kujerar baya. Akwai su bakin kasuwa suna yi wa masu aski da teloli allon shago. Yanzu kuma sun cika Facebook da TikTok.

Tambayar da aka fi jefa musu a fada ita ce: "Kai, tunda ga hoton nan, wahalar me kake sha?" Tambayar ba ta banza ba ce, kuma ta kusa shekara 200 ana yin ta. Na bi sawunta cikin tarihi, abin da na fahimta shi ne kamara ta fiddo zanen fuska daga gidajen sarakuna da attajirai ta miƙa shi ga talaka, shi kuwa talaka da abin ya zo hannunsa, fuskar ɗan wasa ya fi zaɓa. Daga nan ne maganar ta shafe mu, mu ƴan Nijar, don fuskar da ake yawan zanawa ita ce ake tunawa.

Kalmomin tukuna

Tunda karatuna na harshe ne, ku yi mini haƙuri in fara da kalmomi. "Hoto" baƙuwa ce, daga bakin Turawa muka aro ta, kuma Ingilishi da Faransanci duk da sautin f suke fara ta. Abin da ya mai da ita h ɗabi'ar harshenmu ce: f ta Hausa in ta zo gaban o ko u sai ta koma h, shi ya sa ake jin fuɗu da huɗu, fura da hura. Mu na yamma ma mun wuce nan, muna cewa hita, tahi, hwara. Da kalmar ta zauna, sai ta haɗiye komi. Yaro ya zana doki a bango da gawayi, a ce ya yi hoton doki. Ke nan a bakin Bahaushe aikin kamara da aikin hannu suna ɗaya suke amsawa.

"Zane" kuwa tamu ce ta gado, kuma asalinta layi ne: layi a ƙwarya, layi a bango, layi a kunci. Kafin mu san zanen fuska mun san zane a fuska. Wanzami ya ja aska, Bagobiri ya shiga kasuwar Kano ba sai ya buɗe baki ba an san daga inda ya fito. Sai kalma ta uku, "kama". A rubuce guda ce, a baki biyu ce: ta kama ɓarawo wasalinta na farko dogo ne, ta kama da uba gajere ne, karin sautinsu ma ya saɓa. Ta biyun ita mai zane ke nema, kuma magabata sun riga sun ja masa kunne cewa kama da wane ba wane ba ne.

A ƙasar Hausa ta da, gwanintar hannu ba ta bi ta kan fuskar mutum ba. Ta bi ta zayyanar Alƙur'ani da allo, da adon bangon gidajen Birni a Damagaram, da aska takwas a gaban riga, da aikin dukawa. Akwai dalilin addini a ciki: malaman fiƙihu sun daɗe suna magana kan suranta abu mai rai, wasu sun bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zane a shimfiɗe, wasu sun tsaurara a kan duka, kuma muhawarar tana nan har gobe. Don haka in ana son adana siffar babban mutum, sai a sa ta cikin kirari da waƙa. Maroƙi ne mai hoton wancan zamani.

Dabarar ta girmi kamara

Duk wanda ya taɓa kallon mai zane yana aiki daga hoto ya ga abu ɗaya: yana raba hoton gida-gida kamar na dara, ya ja irin gidajen a babbar takarda, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka yi lakwal da kaye mai ƙananan gidaje mun san abin, da shi muka kwafi taswirar Nijar. To dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A bangon kaburburan Masar ta Fir'auna da ba a ƙarasa aikinsu ba, har yau ana ganin jajayen layukan da masu zane suka ja don su daidaita tsawon jiki. A Italiya, cikin 1435, Leon Battista Alberti ya rubuta littafi kan zane inda ya ba da shawarar a rataya siririn mayafi mai zare gida-gida tsakanin ido da abin da ake zanawa. A ƙarni na 16 Albrecht Dürer na Jamus ya buga hotunan irin waɗannan na'urori don masu koyo.

Ita ma kamarar tana da kaka. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya bayyana yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda yake shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya jefa siffar abin da ke waje a bango, kai ƙasa. Daga baya masu zane a Turai suka mai da ɗakin nan akwati, suka sa masa gilashi, suna bin layin siffar da alƙalami. Abin da ya rage kawai shi ne a samu hanyar da siffar za ta zauna da kanta.

Son mallakar fuskar ɗan wasa shi ma bai jira kamara ba. A Japan, masu kallon wasan kabuki suna sayen hotunan ƴan wasa da aka buga da sassaƙaƙƙen katako, da araha, kamar yadda muke sayen kalanda. Wani mai zane da ake kira Sharaku ya yi suna da wannan aiki a 1794 zuwa 1795, cikin wata goma kacal, sannan aka daina jin ɗuriyarsa. Bai yi wa ƴan wasan kara ba: mai dogon hanci ya fito da dogon hancinsa, mai ƙananan idanu haka. Yau ana lissafa shi cikin manyan masu zanen fuska na duniya.

Shekarar 1839

Nicéphore Niépce ne ya fara kama siffa ta zauna, wajen 1826, daga tagar gidansa a Faransa, bayan ya bar farantin yana shan haske na sa'o'i masu yawa. Abokin aikinsa Louis Daguerre ya gyara dabarar, kuma ranar 19 ga Agusta 1839 aka bayyana ta ga duniya a Paris. Waɗanda abin ya fara taɓawa su ne masu zana ƴan ƙananan fuskoki da ake sawa a sarƙa ko a aljihu. Aikin da suke yi cikin kwanaki da tsada, mai kamara ya yi shi cikin mintoci. Da yawansu suka rufe shago, wasu suka sayi kamara, wasu kuma suka koma shafa wa hotuna launi, tunda hoton farko fari da baƙi ne. Kun ga tun ran farko hannu da na'ura suka fara aiki a ɗaki ɗaya.

A 1854 wani mai hoto a Paris, Disdéri, ya yi rajistar dabarar ɗaukar ƙananan hotuna da yawa a faranti ɗaya, a yanka su a liƙa a ɗan kati. Farashi ya faɗi warwas. Cikin shekarun 1860 mutane suka shiga tara katunan sarakuna, da marubuta, da ƴan wasan kwaikwayo. Sarah Bernhardt tana ƴar budurwa, ba ta yi suna ba tukuna, Nadar ya ɗauke ta hoto, kuma daga baya fuskarta ta shiga gidajen mutanen da ba su taɓa ganin ta a dandali ba.

A nan ne abin ya juya. Da can in kana son zana mutum, sai ya zo ya zauna gabanka, yau da gobe, kuma shi zai biya. Ke nan fuskar mai kuɗi kaɗai ke shiga tarihi, kuma mai zanen da mai kuɗi ya yarda da shi kaɗai ke samun aikin. Da kati ya zo, yaron da ba shi da ko sisi, ba shi da uban gida, yana iya ajiye fuskar babbar ƴar wasa a gabansa wata guda, ba ta motsi, ba ta gajiya, ba ta ce a rage mata hanci. Hoto ya zama malami na kyauta.

Bombay da Gana

Inda wannan sana'a ta fi girma, a ganina, shi ne Indiya. Fim ɗinsu na farko mai tsawo, Raja Harishchandra, ya fito a 1913, mai magana na farko kuma, Alam Ara, a 1931. Birni mai miliyoyin mutane da harsuna barkatai, da yawa ba su karatu, da me za a kira su sinima? Da fuska. Masu shirya fim sukan ba masu zane ƴan hotunan da aka ɗauka wurin aiki, su kuma su raba su gida-gida su mai da su alluna masu tsawon bene. Aikin taro ne: yara su shafa farin ƙasa, na tsakiya su yi tufafi da bayan fage, maigida ya zo ya yi fuska. M. F. Husain, wanda ya zama mafi shaharar mai zane a Indiya kafin rasuwarsa a 2011, da wannan aiki ya fara cin abinci a Bombay a ƙarshen shekarun 1930.

Masu allunan nan ba kwafe suke yi ido rufe ba. Sun san za a kalli aikin daga nesa, daga cikin mota, cikin rana, don haka suna zuba launi da kauri: kuncin jarumi ja da ruwan ɗorawa, fuskar mugu shuɗiya ko koriya. Ba wanda ya taɓa ganin mutum kore, amma duk wanda ya ɗaga kai ya san wane ne Amitabh Bachchan, ya kuma san wane ne zai sha kashi. Injin buga manyan hotuna a leda ne ya kashe kasuwar daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000.

A Gana labarin ya fi kusa da namu. A ƙarshen shekarun 1980 masu gidan bidiyo suka fara yawo ƙauye-ƙauye da tele, da na'urar kaset, da ɗan injin wuta. Suna bukatar talla da za a naɗe a ɗaure a mota, ruwa ya dake ta ba ta lalace ba. Sai masu zane irin su Joe Mensah da Heavy J suka riƙa ɗinke buhunan fulawa suna zana fim a kai da fentin mai. Sau da yawa abin da ke hannunsu hoton bayan kwalin kaset ne kawai, sauran su cika da tunaninsu: a ƙara wa jarumi damtse, a ƙara bindiga, a ƙara jini. Da bugu mai araha ya zo wajen shekarar 2000, aikin ya ja baya. Yau buhunan nan suna rataye a gidajen nune-nune na Turai da Amurka.

Su ma can Amurkan ba su bar hoto ya huta ba. Da Marilyn Monroe ta mutu a Agusta 1962, Andy Warhol ya ɗauki wani hotonta na tallar fim ɗin Niagara na 1953 ya yi ta maimaita shi da launi iri-iri. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka nasa an sayar da shi dalar Amurka miliyan 195 a 2022. Chuck Close kuma ya bi hanyar gida-gida ya zana fuskarsa a 1968, tsawonta ya kusa mita 3, har kana ƙirga gashin gemu. Abin mamaki, Close yana da wata lalura ta rashin gane fuskokin mutane. Sai ya shimfiɗe fuska a hoto, ya bi ta gida bayan gida, sannan take zauna masa a kai.

Mu nan gida

Tun shekarun 1950 ƴan kasuwa Lebanawa suka fara kawo finafinan Indiya gidajen sinima na ƙasar Hausa, waɗancan marasa rufi da sai dare ya yi ake kunnawa. Iyayenmu suka karɓe su hannu biyu. A Kano har suna aka raɗa wa ƴan wasan: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Fuskokinsu, da na Bruce Lee da Rambo, suka hau bayan manyan motoci, da shagon tela, da bangon ɗakin samari. A nan ne zanen fuska ya samu ƙofar shiga ƙasar da ba ta gaje shi ba. Bai shigo ta makarantar zane ba, ta tasha da kasuwa ya shigo, a hannun masu fentin mota da masu rubuta allo.

Sai fim ɗin Hausa ya zo. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, mujallar Fim ta fara fita a 1999, kasetin da muke kira dandalin soyayya suka tsallako Jibiya da Magarya suka cika Maraɗi da Damagaram. A karon farko yaro mai fensir ya samu tauraro mai irin fatarsa, mai irin hularsa. Da Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu 2007, da kuma Rabilu Musa Ibro a Disamba 2014, masoyansu sun yi makoki ta hanyar da suka iya, ciki har da zana su. A 2019 wani saurayi a Kaduna, Eli Waduba, ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir ya sa a Twitter. Mutane suka yi ta yaɗawa har abin ya kai ga Hart, ya amsa ya ce zai saya. Tafiyar da buhun fulawar Gana ya yi shekaru kafin ya yi, wannan zane ya yi ta cikin kwana biyu.

To amma mu Nijar muna da wani tarihi na daban da ƴan wasa, wanda da yawanmu ba mu sani ba. A 1957 Jean Rouch ya ɗauki fim a unguwar Treichville ta Abijan da samari ƴan Nijar da suka je ci-rani. Fim ɗin, Moi, un noir, ya fito a 1958. Samarin nan ƴan dako ne da leburori, amma kowanne ya ɗauki sunan ɗan wasan da yake so: wannan Edward G. Robinson, wancan Eddie Constantine, ga Tarzan. Ba su da fensir, sai suka zana taurarinsu da jikinsu, da tafiyarsu, da yadda suke riƙe taba. Wanda ya ɗauki sunan Robinson shi ne Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin. Ya dawo gida ya zama mai shirya fim, ya yi Cabascabo, kuma a 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, karo na farko da aka ba da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Sunansa na kan cibiyar al'adu a Yamai, kullum muna faɗin CCOG, amma ku tambayi kanku: mu nawa za mu gane fuskarsa?

Haka Moustapha Alassane, wanda shi kansa mai zane ne, ya yi finafinan zane masu motsi tun shekarun 1960, ya zauna Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015. A fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier na 1966, wani ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. Kun ga tun lokacin ya hango abin da kwaikwayon tauraron waje ke iya yi wa matasa. A fim ɗin nan Zalika Souley ta fara fitowa. Ta zama babbar ƴar wasan Nijar, ta sha zagi saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwaya, ta ƙare cikin rashi, kamar yadda fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kanta ya nuna. Ta rasu a 2021. Ga Damouré Zika na Cocorico Monsieur Poulet, ga Yazi Dogo da ya sa iyayenmu dariya a Télé Sahel da Hausarmu ta nan.

Kada a ce zane ba ya riƙe tarihi. A Senegal, hoto guda da aka ɗauki Shehu Ahmadu Bamba a 1913 shi masu zane suka yi ta kwafewa a bango, da gilashi, da jikin mota, har ya zama ko yaro ya san siffar. A wajenmu kuma, Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, in an ambace ta, fuskar da ke zo wa duk wanda ya kalli fim ɗin Med Hondo na 1986 ita ce ta Aï Keïta, ƴar wasan Burkina da ta fito a matsayinta. Inda tarihi ya bar gurbi, fuskar ɗan wasa ce ke cikewa.

Abin da hannu ke ƙarawa

Mu koma ga tambayar fada. Akwai wani abokina a jami'a da ke wannan aiki, kuma zaman da nake yi kusa da shi ya koya mini cewa hoto ma yana ƙarya. In an ɗauka da waya kusa-kusa, hanci ya kumbura, kunnuwa su gudu baya. In an haska fitilar kamara, goshi ya yi fari fat, ramin kunci ya ɓace. Mai zanen kirki yana tara hoto uku ko huɗu na mutum ɗaya kafin ya ja layi. Yana fara auna tazarar da ke tsakanin idanu, da daga ido zuwa gefen baki, don kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a nan ya isa ya mai da Ali Nuhu wani ɗan uwansa. Yakan juya hoton kai ƙasa don ido ya daina ganin "hanci" ya koma ganin haske da duhu. Yakan ɗaga aikin gaban madubi, karkatar da ta ɓoye masa ta fito fili. Gashin ido da ƙyallin ƙwayar ido, waɗanda mu ƴan kallo muke yi wa tafi, su ne na ƙarshe kuma su ne masu sauƙi.

Ga baƙar fata kuwa aikin ya fi haka. Shekaru da yawa, tun daga shekarun 1950, ɗakunan wanke hoto masu aiki da kayan Kodak suna daidaita launi da wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Sakamakon haka kun gan shi a tsoffin hotunan gidajenmu masu launi: riga ta fito tas, fuskar mai rigar ta zama dunƙulen duhu da haƙora. Amma fatarmu ba launi ɗaya ba ce. Goshi yana ɗaukar shuɗin sama, kunci yana da ja a ƙarƙashi, gefen wuya yana maido launin riga. Wanda ya girma yana kallon irin waɗannan fuskoki ya san abin da hoton ya zubar, kuma yana iya maido shi. Wannan na'urar kwafi ba ta iya ba.

Sai kuma lokaci. Kamara tana ɗaukar ƙiftawar ido, ta wuce. Mai zane yana kwana ashirin a kan fuska ɗaya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma tambayar tana son zama. Cikin dubban hotunan Ibro, wanne za ka ɗauka? Wanda yake wage baki, ko wanda aka kama shi shiru tsakanin ɗauka biyu, gajiya a idonsa? Zaɓin nan naka ne, kuma shi ne ra'ayinka game da mutumin.

Kammalawa

Ba ina cewa a daina zana Shah Rukh Khan ko Rahama Sadau ba. Kowa da abin da ransa ke so, kuma mun ga tun daga Japan har Treichville haka mutane suke da ƴan wasa. Abin da ke damuna shi ne lissafin: mai zane yana zana hoton da ya samu, injin bincike kuma yana miƙo hoton da aka fi nema. Ka rubuta sunan tauraron Indiya ka samu dubbai masu kyau, ka rubuta Zalika Souley ka samu ƴan kaɗan, ƙanana, dishi-dishi. In aka bar abin haka, nan da shekara ashirin ƙannenmu za su san fuskar kowa ban da ta waɗanda suka fara ɗaga sunan ƙasar nan a fim.

Hotunan kuwa suna nan. Suna cikin finafinan kansu, ana iya tsai da fim a ɗauki fuska. Suna cikin akwatunan iyalai, da ajiyar tsoffin masu hoto irin su Philippe Koudjina da ya ɗauki samarin Yamai a shekarun 1960 da 1970. Hoto mai dishi-dishi ma shi ne ya fi bukatar hannu, don a nan ne gwani ke da abin ƙarawa. Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce kowace fitowa ta ɗan littafin nan mu ba masu zanenmu shafi ɗaya: fuska guda ta ɗan wasan Nijar, da layi biyar na tarihinsa a ƙasa, da Hausa. A nemi izinin iyali inda ya kamata, a rubuta sunan wanda ya ɗauki hoton asali in an san shi. Masu zanen kuma su danna fensir da kyau, don kun san halin injin kwafin da muke bugawa da shi, duk abin da bai yi baƙi sosai ba cinye shi yake yi. Allah ya sa mu dace.